Kafin a jona manyan gonakin sola da babban layin wuta, wa ya yi lissafin?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan bani fili in tofa albarkacin bakina akan wata magana da ke tashi duk sanda aka ce babban layin wuta na ƙasa ya sake durƙushewa, wato maganar nan ta "ai mu Arewa rana ta ishe mu, a shimfiɗa mana sola kawai mu huta da Nepa". Sai kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda tun da wuta ta ɗauke a Sifen a 2025 suka samu abin faɗa, su kuma kullum "kun gani ko, sola ce ta kashe musu wuta". Ni aikin lantarki nake yi kuma da solar nake ciyar da iyalina, don haka ba ƙiyayya ce zata sa in yi magana ba, amma wallahi duka ɓangarorin biyu sun tsallake ainihin wurin da gizo ke saƙa. Tambayar ba megawat nawa za a dasa ba ce kaɗai, tambayar ita ce in an jona ta da layin namu yadda yake a yau, zai tsaya da ƙafarsa ko kuwa, kuma wa ya zauna ya yi wannan lissafin.

Bari in fara daga abinda kowa ya sani. Duk mai ƙaramin janareto a gida ya san in aka jona dutsen guga sai inji ya yi wani gurnani, ƙwan fitila ya dushe kaɗan, sannan ya dawo daidai. Wannan ɗan lokacin da ya yi yana gurnani bai mutu ba, nauyin ƙarfen da ke juyawa a cikinsa ne ya riƙe shi kafin gwamnan injin, wato na'urar da ke daidaita gudunsa, ya ƙara mai. To babban layin ƙasa ma haka yake, bambancin kawai girma. Wutar da muke sha tana kai da komowa sau 50 a cikin sakan ɗaya, shine firikwansi, kuma duk manyan injinan da ke kan layin, daga Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru har Egbin a Legas, a tare suke juyawa akan wannan 50 ɗin, ba wanda zai yi gaba ya bar wani. In lodi ya fi wutar da ake samarwa firikwansi ya yi ƙasa, in wutar ta fi lodi ya yi sama. Ƙa'idar layinmu ta ce ya zauna tsakanin 49.75 da 50.25, amma duk wanda ya taɓa sa mita ya zauna yana kallo ya san sau da yawa ba a nan yake kwana ba.

Ka ɗauki Egbin, injina shida ne kowanne megawat 220. Ƙasar gaba ɗaya mafi yawan lokaci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000 da wani abu. Kenan inji ɗaya tak in yana kan cikakken lodi ya faɗi, kusan kashi 5 cikin ɗari na wutar ƙasa ya tafi a ƙiftawar ido, kuma a wannan sakan na farko ba wani ma'aikaci a ɗakin kula da layi na Osogbo da zai iya yin komai, ko waya bai ɗauka ba, nauyin sauran injinan da ke juyawa ne kawai ke hana firikwansi ya zube lokaci ɗaya, shi ke sayo mana 'yan sakanni har gwamnoni su buɗe ruwa ko gas, ko rile, wato na'urar kariya mai yanke wuta da kanta, ya yanke wasu unguwanni a ceci saura. Ba wanda ya biya kuɗin wannan nauyin, kyauta yake zuwa da injin, shi yasa shekara da shekaru ba a ma cika maganarsa ba.

To ita sola ba abinda ke juyawa a cikinta. Fanel ne da inbata, inbata kuma lantarki ne zalla da wata 'yar kwamfuta a ciki tana kunna wa tana kashe wa sau dubbai a sakan. Kuma mafi yawan inbatocin manyan gonakin sola da ake sayarwa yau irin masu bin layi ne, ma'ana ba su ke kafa bugun ba, saurare suke, su auna wutar da suka tarar akan layi sannan su zuba tasu daidai da ita. Kamar 'yan amshi suke, in makaɗi na nan da ƙarfinsa sai ka ji waƙa ta yi armashi, amma in 'yan amshi suka yi yawa har muryarsu ta danne ta makaɗin, to kowa sai ya koma sauraren na kusa da shi, nan da nan waƙa ta watse.

Na ga ƙaramin wannan da idona a wata masana'antar roba a nan Kano. Suna da babban janareton dizal, suka ƙara sola mai yawa akan rufi don rage shan mai, abu ya yi kyau, dizal ya ragu sosai har maigidan yana ta sa albarka. Amma duk ranar Juma'a wajen ƙarfe ɗaya, lokacin da rana take tsaka kuma solar take kan ganiyarta, sai ma'aikata su kashe injina su tafi masallaci, lodi ya faɗi warwas, solar kuma bata san an tafi ba tana ta turo wuta, wutar ta rasa inda zata sai ta koma cikin janareton tana neman ta riƙa juya shi da kanta, kana tsaye zaka ji sautinsa ya canza, ya yi wani sama-sama, allurar mita tana rawa, sai rilen da ke hana wuta komawa baya ya ɓalle bireka ƙwas. Janareto na fita inbatocin suka rasa wanda za su bi, suma duk suka mutu. Rana ƙwal a sama, fanel ɗari-ɗari akan rufi, amma ko fanka bata juyawa a ofis. Ba wata na'ura da ta lalace fa, kowacce ta yi abinda aka saita ta ta yi, haɗuwarsu ce ba a lissafa ba. Maganin ma ba wani babba ba ne, an sa kwantirola da ke rage solar don janareton ya riƙa zama da aƙalla kamar kashi 30 na lodinsa, shikenan. A masana'anta ɗaya kenan, da janareto ɗaya da ka san halinsa.

Yanzu ka dubi yadda Arewa take akan layin ƙasa. Manyan tashoshin gas kusan duk suna Kudu, dam-dam ɗin kuma suna jihar Neja. Daga nan wuta zata kamo hanya a layin 330 zuwa Mando a Kaduna, ta wuce Kumbotso a Kano, wani reshen ya bi Jos da Gombe da Damaturu har Maiduguri, ɗaruruwan kilomita ba wani babban inji mai juyawa a hanya sai 'yan ƙanana irin Dadin Kowa mai megawat 40 da tashar gas ta Maiduguri mai 50. Mun ga yadda abin yake a watan Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, jihohi da yawa suka kwana da kwanaki a duhu. Mu a wajen aiki irin wannan wurin muke ce wa layi mai rauni, kuma ba wai zagi ba ne, abu ne da ake aunawa: ana duba ƙarfin da layin zai iya turowa in aka samu shot, wato wayoyi suka haɗu ko waya ta taɓa ƙasa, a wannan wurin, a raba shi da girman gonar da ake son jonawa. Misali in layin zai iya turo 300 kai kuma ka zo da gonar megawat 100, ka samu 3, kuma daga 3 zuwa ƙasa injiniyoyi sun fara ɗaure fuska, domin a nan inbata mai bin layi in ta turo wuta ita da kanta take motsa boltejin da take aunawa, ta gyara, gyaran ya sake motsa shi, ta sake gyarawa, sai ka ga wuta tana lilo ba wanda ya taɓa komai. Abin haushin shine inda rana ta fi yawa kuma fili ya fi araha, Katsina, Jigawa, Yobe, Sakkwato, nan ne kuma layin ya fi rauni.

Ba hasashe nake ba, ya faru a ƙasar da ta fi mu kuɗi da kayan aiki. A Ostireliya akwai wani yanki da ake kira West Murray, rana kamar tamu, layuka dogaye sirara kamar namu, kamfanoni suka yi ta rububin dasa gonaki. A watan Satumban 2019 hukumar da ke tafiyar da layinsu, AEMO, ta gano cewa in wani layi ya faɗi bolteji zai shiga lilo, sai ta umarci gonakin sola biyar su rage wutarsu da rabi, kuma haka suka zauna suna asara har watan Afrilun 2020 bayan an sake saita inbatocin an gwada. Gonakin nan an gina su, an biya, an yi bikin buɗewa. Ka yi tunanin wannan a wajenmu, gwamna ya yanke kyalle, an ciyo bashi da dala, sannan a zo a ce masa rabi kawai za a iya karɓa.

Wurin da nake so masu karatu su gane sosai shine shi kansa lissafin ya canza. A da in za a duba ko layi zai jure faɗuwar wani inji ko tsinkewar wata waya, aikin sananne ne. Janareto ƙarfe ne da waya da maganaɗisu, halinsa a rubuce yake a littafi tun kafin a haife mu, in ka san nauyinsa da 'yan wasu alƙaluma to ka san yadda zai yi, ko wane kamfani ya ƙera shi. Kuma a hankali yake motsi, lilon da injina ke yi tsakaninsu bai cika wuce sau ɗaya ko biyu a sakan ba, don haka manhajojin da aka saba da su irin PSS/E basa ma bin kowane kai da komowar wutar, matsakaici suke ɗauka kuma ya wadatar. Inbata kuwa halinta ba a ƙarfe yake ba, a cikin manhajar da kamfani ya rubuta yake. Inbata biyu masu girma ɗaya daga kamfani biyu, shot ɗaya zai same su kowacce ta yi abinta daban, kai ko inbata ɗaya ce in aka sabunta mata manhaja ta zama wata. Kuma tana yanke shawara cikin ɗaya bisa dubu na sakan, abinda tsohon lissafin baya ma gani. Dole sai an koma irin su PSCAD masu bin wutar daki-daki, kowane taki 'yan kaso kaɗan ne cikin miliyan na sakan, aiki mai cin kwamfuta da cin lokaci, sannan kuma sai kamfanin inbatar ya yarda ya baka samfurin na'urarsa na kwamfuta, wanda yawanci a kulle yake bayarwa don sirrin kasuwanci, ka ga abinda ya shiga ka ga abinda ya fita amma baka ga ciki ba. Sai ka haɗa injin Shiroro na 1990 mai tafiyar hawainiya da wannan abu mai saurin walƙiya a lissafi ɗaya, ka tabbata basu yi faɗa ba a kowane hali, da rana da dare, da layi biyu da layi ɗaya, da damina da dam ya cika da bazara da ruwa ya ja baya. Wannan shine aikin, kuma ba aikin sati ɗaya ba ne.

In aka tsallake shi kuwa ga abinda ke biyowa. Ranar 28 ga Satumban 2016 guguwa ta kayar da turakun wuta a jihar Kudancin Ostireliya, bolteji ya yi ta nutsewa yana dawowa, ashe wasu gonakin iska an saita su ne in suka ga haka wasu adadin lokuta a jere su janye, suka janye megawat 456 cikin ƙasa da sakan bakwai, layin da ke kawo musu ɗauki daga jihar Biktoriya ya yi nauyi ya ɓalle, jiha guda ta shiga duhu. Abinda ya fi tsaya min a rai a labarin shine masu kula da layin basu ma san da wannan saitin ba, baya cikin samfurin da suke lissafi da shi. Lamba ɗaya ce a cikin manhaja, kuma bayan abin ya faru canza ta kawai aka yi. A Kalifoniya ma a wannan shekarar gobarar daji ta jawo shot a layi, inbatoci suka yi kuskuren auna firikwansi, wajen megawat 1,200 na sola ya fice lokaci ɗaya. Su layinsu babba ne ya shanye. Mu 1,200 ai kusan kwata ɗin ƙasar ne.

Su kuma 'yan "sola ce ta kashe Sifen", dan Allah a riƙa bincike kafin a yi ta turawa a Facebook. Wutar Sifen da Fotugal ta ɗauke ne ranar 28 ga Afrilun 2025 da misalin ƙarfe 12:33 na rana, kuma gaskiya ne sola ce ta fi yawa akan layin a lokacin. Amma rahoton gwamnatinsu da ya fito a watan Yuni ya ce bolteji ne ya yi sama ya fi ƙarfin masu riƙe shi, tashoshi suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya kowace ficewa tana ƙara tura shi sama, kuma laifin ya rabu: an tsara injina masu juyawa kaɗan a ranar, waɗanda aka tsara ɗin ma wasu basu shanye boltejin yadda aka ɗora musu ba, sannan ita solar dokar lokacin bata sa ta shiga aikin daidaita bolteji ba duk da inbatocin zasu iya. Kaga kenan maganar tsari ce da ƙa'ida. Sannan mu da layinmu ya faɗi fiye da sau goma a 2024 ba tare da wata solar kirki a kansa ba, da wane baki zamu ɗora wa rana laifi? Gonar sola ta Challawa a Kano megawat 10 ce, ta iska a Lambar Rimi ta Katsina ma 10, kamfanoni 14 ɗin da suka sa hannu da NBET, kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, a 2016 don samar da sama da megawat 1,000 kuwa a takarda suka tsaya.

Akwai kuma maganar kariya da ba a cika tunawa da ita ba. In waya ta tsinke ta taɓa ƙasa, janareto yakan turo karen, wato kwararar wuta, ninki biyar ko fiye na abinda ya saba, wannan tsallen shi rile yake gani ya ce akwai matsala ya yanke. Inbata bata iya haka, da ƙyar take wuce abinda aka rubuta mata da kaɗan don kar ta ƙone, to in ita ce mafi rinjaye a yanki sai rile ya kasa bambance shot da lodi mai nauyi, waya tana ƙasa da wuta a jikinta ba abinda ya yanke.

Duk wannan yana da magani, kuma an gwada. Akwai inbata mai kafa layi da kanta, wadda bata jiran kowa, ita ke fitar da bugun 50 ɗin, irin wadda ke gidajenmu da batir in Nepa ta ɗauke amma babba, kuma in tana da batir a bayanta zata iya kwaikwayon nauyin janareto har ta fi shi saurin kawo ɗauki. Batirin Hornsdale da Tesla ta kafa a Kudancin Ostireliya a ƙarshen 2017 da megawat 100 ya fara, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa 150 aka kuma ba shi wannan aikin. Akwai kuma babban inji da ake jonawa yana juyawa kawai, baya shan mai baya samar da wuta, aikinsa ya bada nauyi da karen lokacin shot ya kuma riƙe bolteji, jihar ta dasa guda huɗu a 2021. Ni a ganina irin wannan guda ɗaya ko biyu a Kumbotso ko Gombe zai yi mana amfani tun yau ma kafin solar ta zo, kowa ya san yadda muke fama da lo karen. Kai ita inbatar gonar sola ma in aka rubuta a kwangila tun farko zata iya taimakawa wajen riƙe bolteji har da daddare da babu rana, amma in ba a rubuta ba ɗan kwangila ba zai kawo ba, mai araha zai kawo, ni ma ɗan kasuwa ne na san yadda ake.

Abinda nake roƙo, tunda yanzu an cire aikin tafiyar da layi daga TCN, kamfanin manyan layukan wuta na ƙasa, an kafa masa hukuma ta daban mai suna NISO, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin, to kar kowace jiha ta je ta sa hannu da nata kamfanin a ɓoye kowa yana kallon gonarsa kaɗai, domin gonar Katsina da ta Jigawa da ta Kano duk a Kumbotso za su haɗu kuma a tare za su yi lilon in za su yi. A sa sharaɗi cewa duk wanda zai jona babbar gona sai ya miƙa samfurin inbatarsa na gaskiya, wanda ya yi daidai da manhajar da ke cikin na'urar, duk sanda ya sabunta kuma ya sanar, a gwada ta a fili kafin a karɓa. Ba sai mun ƙirƙiro ƙa'idar daga sama ba, Amurkawa sun fitar da ƙa'ida mai suna IEEE 2800 a 2022 akan wannan, a ɗauka a gyara ta dace da layinmu. Su ma tsofaffin injinan a tabbata gwamnoninsu suna aiki da kansu ba an ɗaure su ba, a kuma ajiye rarar wuta ta ko-ta-kwana, a ƙarasa SCADA ɗin nan, wato tsarin lura da layi daga nesa, da aka daɗe ana magana don Osogbo ta riƙa ganin abinda ke faruwa a kowace tasha, don lissafin da aka gina akan alƙaluman da ba a auna ba ɓata takarda ne.

Sai jami'o'inmu, ABU da BUK da ATBU da sauransu. An kafa wa BUK tashar sola da batir da janareto mai megawat 7.1 gaba ɗaya tun 2019, wato ainihin abinda muke magana a kai yana cikin harabarta. Yara masu digiri na biyu su riƙa ɗaukar bayanan wannan gona suna gina samfurinta suna gwadawa da abinda mita ta nuna, a saya musu lasisin manhajar, kuɗinsa bai kai na jif ɗaya cikin ayarin kwamishina ba. In ba haka ba ranar da babbar gona ta zo, ɗan kwangilar ne zai kawo nasa masanin daga waje ya rubuta rahoton cewa komai lafiya, mu kuma ba mai iya buɗe fayil ɗin ya duba.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani mai aikin lantarki, daga Kano